Guntun Fensirin Inna

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa tare da ladabi, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin rahamarSa. Mu nan gida lafiya lau muke, in ban da kewarki.

Inna, a aji shida an koya mana rubuta wasiƙa, domin tana fitowa a jarrabawa. An ce a fara da adireshi a sama, ta hannun dama. Yau na daɗe ina kallon wurin, sai na bar shi fari. Kin san inda nake, ɗakinki ne na Ƙofar Gayan. Inda kike kuwa ba a kai takarda.

Akwai maganar da ban gaya wa kowa ba, ta cika mini ciki har ba na iya cin abinci sosai. Ranar jarrabawar shiga sakandare ban yi rubutu da fensirin da Goggo Asabe ta ba ni ba. Da naki na yi. Akwai kuma ta biyu, wadda in na faɗa a waje za a ce ba ni da lafiya: na ji daɗin jarrabawar, Inna. Da aka ce lokaci ya cika, ban so a karɓi takardata ba.

Bari in ba ki labarin daga farko, tunda ba ki nan aka yi.

Bayan rasuwarki Goggo Asabe, yayar Baba, ta dawo gidanmu da zama. Tana kula da mu ƙwarai. Ita ke yi mini kitso, ko da yake hannunta da zafi, ba kamar naki ba. Abu ɗaya ne kawai: in baƙuwa ta tambaye ni ajina, kafin in buɗe bakina Goggo ta amsa. Takan ce, "Bar wannan, ai sai kin yi mata ƙuƙumi kafin ki ji muryarta." A yi dariya, ni ma in yi murmushi in shige ɗaki.

A makaranta ma haka abin yake. Kin san cikar ajinmu. Malami zai yi tambaya, aji duka ya ɗauka da ƙarfi kamar ana kiran kasuwa, ni kuwa leɓena kawai ke motsi. In aka nuna ni ni kaɗai aka ce in tashi, sai amsar ta zo ta tsaya mini a maƙogwaro. Tana nan, ina jin ta, amma kafin in fito da ita an ce, "Zauna, na gaba." Ga shi kuma a aji biyar, lokacin jinyarki, na yi fashi da yawa, na koma can ƙasa. Tun daga nan kowa ya ajiye ni a wurin da ya ga dama, ba wanda ya sake dubawa.

Ke kaɗai kika san ina karatu. Kina tuna yadda kike zama a bakin ƙofa da rana ta yi sanyi, kina ɗinkin hula, ni kuma ina kan tabarma ina karanta miki littafin makaranta a hankali? Ba ki san boko sosai ba, amma in na yi tuntuɓe sai ki ɗaga allura ki jira. Ba ki taɓa cewa in yi sauri ba. Kikan ce, "Dije, tuwon da ya dahu a hankali shi ke kwana lafiya."

Kina zana hulunanki da kanki. Kina da fensirin nan ja da kike fiƙewa da reza, kina lasar bakinsa kafin ki ja layi a kan farin ƙyalle. Ya gajarce har bai kai ɗan yatsana ba. Ranar da mata suka zo rabon kayanki, na gan shi a cikin gwangwanin zare, na ɗauke na ɓoye a ƙullin zanena. Ba wanda ya nema.

Da aka shiga aji shida Allah Ya haɗa mu da Malama Rifkatu, wadda ke zuwa daga Wusasa. Ba ki san ta ba, bayanki aka kawo ta. Wata rana ta ba mu aiki a rubuce, ta tattara littattafan ta tafi da su gida. Washegari ta tsayar da ni a baranda bayan an tashi. Na ɗauka laifi na yi. Sai ta miƙo mini tsofaffin takardun tambayoyi na shekarun baya, ta ce, "Hadiza, bakinki ne ke azumi, kanki ba ya yi. Je ki gwada waɗannan."

Ita ce ta fahimtar da ni abin da ya sa ake wannan jarrabawar. Mu a aji mun ɗauka mugunta ce kawai ta manya. Ta ce makarantu suna da yawa, kowace da irin makin malamanta, wani malami mai hannun kyauta, wani mai maƙo. In za a zaɓi yaran da za a kai makarantun kwana na gwamnati, da wane ma'auni za a auna su? Sai a yi tambaya iri ɗaya ga kowa, a rana ɗaya, a ba wanda bai san mu ba ya duba. Ta ce, "Takardar ba ta san 'yar wane ce ke ba. Abin da ta tambayi ɗan Sabon Gari shi za ta tambaye ki."

Da ta faɗi haka sai na tuna tiyarki. Kina tuna in za mu sayo dawa kikan ɗora mini tiyar gida a ka, mu tafi da ita kasuwa? Na taɓa tambayarki dalili, kika ce tiyar kowane mai awo da irin lotsawarta, in kina son sanin gaskiya sai ki auna na kowa da abu ɗaya. Ashe jarrabawa ma tiya ce, Inna.

Na yi ta yin tambayoyin nan a bayan ɗaki, wajen turken awaki, bayan na gama wanke-wanke. Goggo ta ɗauka zaman kewa nake yi, sai ta ƙyale ni.

Da jarrabawa ta matso, hankalin Goggo ya tashi. Na ji tana gaya wa maƙwabciyarmu cewa yarinyar da ko sunanta ba ta iya faɗa da ƙarfi, ina za ta iya da tambayar gwamnati? Ta sayo sabon fensir kore mai abin gogewa a ka. Ta saka mayafi cikin tsakar rana, da ciwon gwiwarta, ta taka har Ƙofar Kibo wajen wani malami da ta yarda da shi, ya yi addu'a ya tofa a kai. Jikarsa 'yar ajinmu ce, ita ta gaya mini cewa malamin ya ce a gaya wa yarinya ta haɗa da karatu. Amma Goggo ta baro wannan rabin saƙon a zaurensa. Abin da ta iso gida da shi shi ne, "Riƙe da hannun dama, kada ki bari kowa ya taɓa. In Allah Ya so shi zai yi miki aikin."

Ranar jarrabawa an kwana ana ruwa, gari ya yi luf. Ba a makarantarmu aka yi ba, an kai mu wata ta wajen Kufena, aka gauraya mu da yaran da ba mu taɓa gani ba. Muna tsaye a layi sai na ga Bilki ta tsuguna a gindin bango tana kuka. Kin san Bilki, ƙawata ta gidan mai ƙosai, wadda kike cewa bakinta ya ishi mutum biyu. Bilkin da ke amsa mini gaisuwa a hanya, wadda ta taɓa marin wani yaro don ya kira ni kurma. Ran nan ita ce ta kasa magana. Da ƙyar ta iya ce mini duk abin da ta karanta ya gudu.

Ban yi wani dogon tunani ba. Na ciro koren fensirin na sa mata a hannu, na ce an yi masa addu'a. Ta riƙe shi da hannu biyu, ta daina kuka. Ta ɗauka ina da wani irin na kanti. Ba ta ga abin da na kwance daga bakin ɗankwalina ba.

Inna, ina ma kin ga ɗakin nan. Kowa da bencinsa, an rubuta lamba da alli. Ba a kira sunan kowa ba. Aka raba takardu a kife, aka ce a buɗe, sai wuri ya yi tsit. Tun da na shiga makaranta ban taɓa jin aji ya yi shiru haka ba. Ta taga ina hango dutsen Kufena ya jiƙe ya yi baƙi, ruwa na ɗiga daga kwano.

Na karanta tambaya ta farko. Amsar ta zo ta tsaya a inda ta saba tsayawa, na jira in ji an ce, "Zauna, na gaba." Ba wanda ya ce. Tambayar tana nan a kan takarda tana jirana, kamar yadda kike ɗaga allura. Hawaye ya kusa zubo mini. Tun rasuwarki ba wanda ya tambaye ni abu ya tsaya ya ji amsa, sai takardar nan.

Amsoshin kuma ba rubutawa ake yi ba, wasu 'yan ƙananan gidaje ne ake cikewa da fensir, kada a fita layi, kada a bar fari. Malamai sun yi ta jan kunnenmu a kai. Ni dariya ma abin ya so ya ba ni, domin aikinki ne sak, cike gidan zane da zare. Na lashi bakin fensirin kamar yadda kike yi, na bi su gida-gida. Akwai waɗanda ban sani ba, musamman a Turanci, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma da yawa na sani. Tsorona ɗaya kada fensirin ya ƙare kafin tambayoyin. Bai ƙare ba.

Da muka fito Bilki ta maido mini da koren, duk ta tattaune gindinsa. Na kai wa Goggo. Ta jujjuya shi ta ce, "Kun ga haƙora? Yarinyar nan ta sha fama."

Sakamako ya fito ana tsakiyar gasa masara. Malama Rifkatu da kanta ta yi sallama a gidanmu, ta zauna a tabarmarki, ta ce na ci, kuma na ci da kyau, har an ba ni gurbi a makarantar kwana ta 'yan mata ta kimiyya. Goggo ta rangaɗa guɗa har awaki suka firgita. Malama ta fara cewa yarinyar ta yi ƙoƙari, amma Goggo ta riga ta shige ɗaki ta fito da fensir tana nuna mata.

Yanzu, Inna, fensirin nan ya fi ni suna a unguwa. Goggo ta naɗe shi a farin ƙyalle ta sa a cikin kwallarta, ƙarƙashin kwanonin da ba a taɓawa. Mata suna shigowa barka, kafin su dube ni sai sun ce a nuna musu shi. An riga an yi kamunsa don 'ya'ya biyu masu jarrabawa baɗi. Wata ma ta tambaya ko yana yi wa mai neman aikin soja. Goggo ta ce sai an gwada. Ina zaune a gefe ina tsince shinkafa, dariya tana cina, wani abu kuma yana sukana a ƙirji.

Da a nan abin ya tsaya, da na bar su da fensirinsu har abada. Amma ranar Juma'a ina wanke kwanoni a bayan katanga, na ji Baba yana magana da Goggo bayan ya dawo daga shagon ɗinkinsa. Ya ce, "Yaya, na ji ana ta murna, ni kuwa ban runtsa ba. In albarkar fensir ce, ai fensir ƙarewa yake yi. Can ba mu, ba ke. Yarinyar da ba ta iya buɗe baki, a tara ta da 'ya'yan masu ilimi, ta zama abin dariya? Ba zan kai marainiya inda za a wulaƙanta ta ba. Ta yi ta jeka-ka-dawo nan kusa, inda idona ke kanta."

Kada ki ji haushinsa, Inna. Muryarsa rawa take yi da ya ce marainiya. Har yau bai yarda an cire labulenki ba. Bai san ina karatu ba ne kawai, domin yana fita da safe, ya dawo a gajiye, ni kuma in na kai masa abinci sai in ajiye in ce "ga shi" in gudu. Hedimasta ya aiko cewa yana jiran amsar Baba kafin a koma hutu, in ba a je ba, za a ba wata yarinya gurbin.

Ina son in je. Ban taɓa son wani abu haka ba, in ban da dawowarki. Malama ta ce a can akwai ɗaki guda cike da littattafai, kuma kullum da yamma akwai lokacin da ake kaɗa ƙararrawa, kowa ya zauna ya yi shiru ya yi karatu, mai surutu shi ne mai laifi. Ki ji fa, Inna. Makarantar da shiru ba aibi ba ne.

Sai dai akwai Bilki. Ita ba ta samu gurbin ba, ta jeka-ka-dawo aka ba ta. Da na je gidansu ta rungume ni tana tsalle, sannan ta ja ni bayan murhu ta ce, "Fensirin Goggonki barci ya yi a hannuna." Muka yi dariya har muka riƙe ciki. Daga baya ta ce in rufa mata asiri, kada a ji da shi ta rubuta, domin za a ce ita ko addu'a ba ta kama ta. Na yi mata alkawari.

Abin Bilki ya dame ni ƙwarai. In tiya gaskiya take faɗa, to me ta faɗa a kan Bilki? Yarinyar da in ta ji labari sau ɗaya za ta maimaita shi da muryar kowa. Ita ke lallashin ƙannenta, ita ke raba faɗa a rijiya, manyan mata ma suna saurarenta. Ba ko ɗaya daga cikin waɗannan da ya fito a takarda. Na yi ta juya abin har na tuna ranar da na ɗauko tiya za mu sayo man gyaɗa, kika yi dariya kika ce, "Mayar, Dije, ba a auna mai da tiya, ɗauko kwalba." Ina ganin haka ne. Jarrabawar ta auna abin da aka yi ta don shi, ta auna shi daidai, ba ta duba fuska ba. Amma ba ta auna Bilki duka ba. Ni ma ba ta auna ni duka ba, ba ta san ina tsoron gaida mutane ba. Abin da ta yi mini shi ne ta ga ɗan abin da kowa ya tsallake.

Na gaya wa Bilki za mu riƙa yin tsofaffin tambayoyin Malama tare duk hutu, domin akwai wata jarrabawar a aji uku na sakandare. Ta ce ta yarda, in ni ma zan yarda ta koya mini kallon mutum a ido. Mun fara. Jiya na gaida mai kanti da ƙarfi har ya waiwayo ya ga ko wace ce.

Ga abin da na yanke, Inna, ke ce ta farko da za ki ji.

Goggo ba zan gaya mata ba. Ta taka da ciwon gwiwa cikin rana saboda ni, kuma addu'ar da aka yi ba ta faɗi ƙasa ba: ta tsayar da hawayen Bilki, ni kuma na shiga ɗakin da sanyin zuciya. Ta riƙe fensirinta. Amma duk yarinyar da aka ara wa shi, zan bi ta da rabin saƙon da aka baro a Ƙofar Kibo, har da takardun Malama.

Sunan Bilki kuma ba zai fita daga bakina ba. In an tambaye ni, zan ce na ara wa wadda ta fi ni bukata a ranar.

Baba ne zan gaya wa. Gobe in Allah Ya kai mu, in ya dawo daga sallar la'asar, zan kai masa abinci, in ɗora guntun fensirinki a gefen faranti. Zai gane shi, ya sha ganinsa a bayan kunnenki. Ba zan ajiye in gudu ba. Zan durƙusa in gaya masa da wanda na rubuta, da inda na yi karatun, in ce in yana shakka ya kira duk malamin da ya yarda da shi ya yi mini tambayoyi a gabansa, da kowane irin alƙalami. Na san muryata za ta maƙale. In ta maƙale zan zauna a wurin har ta fito. Baba tela ne, shi ma ya san jiran zare ya shiga allura.

Na yi ta gwada maganar a gaban awaki. Ta farkon ce mai wuya, kalma biyar ce kawai: "Baba, ina son in je."

Allah Ya jiƙanki, Inna, Ya gafarta miki, Ya yalwata kabarinki Ya cika shi da haske. Yadda kika yi haƙurin jirana, Allah Ya sa kada ki jira komai a ƙofar Aljanna. Ya saka wa Goggo da Malama da alheri, Ya buɗa wa Bilki ta inda ba ta zata ba, Ya sanyaya zuciyar Baba. Ni kuma Ya kwance mini harshena gobe, ko da na ɗan lokaci kaɗan ne. Amin.

Na fiƙe fensirin da reza, a hankali, yadda kike yi. Saura kaɗan, amma zai kai gobe.

Taki har kullum,
Dije